Wuta ko Tartsatsi? Neman Sunan Abin da Fulogi Ke Bayarwa

Kawuna yana da tsohuwar Peugeot 404 mai buɗaɗɗen baya, irin wadda ake kira a-kori-kura, kuma da ita yake kai gero da riɗi kasuwar Maigatari kowace Alhamis daga ƙauyenmu na ƙasar Gumel. Wata safiya da damina, bayan an gama lodi, aka murɗa makulli, kik ya juya injin da ƙarfinsa, amma mota ta ƙi tashi. Kawu ya kira bakaniken da ya saba yi masa aiki a cikin gari, shi kuwa tambayar farko da ya yi ita ce: "Alhaji, akwai wuta?" Kawu ya kunna fitilu suka kama, ya danna oda ta yi kuka, sai ya amsa da cewa wuta kam akwai ta. Bakanike ya ce to lallai matsalar mai ce, a buɗe kafireta, wato inda fetur ke gauraya da iska. Haka muka kwance ta, muka wanke da fetur, muka hura, muka mayar, har hantsi ya dubi ludayi, mota ko tari ba ta yi ba.

Babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Bakanike yana tambaya ne game da abin da ke tsallakawa a bakin fulogi, wanda Bature ke kira spark, Kawu kuma ya ba shi amsa game da abin da ke cikin batir. Kalmar wuta a bakinmu ta ɗauki ta murhu, ta ɗauki lantarki, ta ɗauki fitilar gaban mota, sannan a gareji aka ƙara mata wannan kaya na huɗu. Wannan ne ya sa nake neman mu tsayar da kalma ta daban.

Kafin a raɗa wa abu suna, ya kamata a san kamanninsa. Tsarin da ke cikin 404 da 504, motocin da aka riƙa haɗawa a Kaduna tun daga 1975, shi ne wanda Charles Kettering ya fito da shi a Amurka, aka sa shi a motar Cadillac a 1910. Batir yana ba da bolt 12 ne kawai, kuma wannan ba zai iya tsallaka ko da ɗan ƙaramin giɓin iska ba. Saboda haka wutar takan bi ta cikin kwayil, wato ɗan gwangwani mai naɗin waya biyu a cikinsa, ta wuce zuwa kwantak, ƙananan ƙarafa biyu masu haɗuwa da rabuwa da ke cikin distiributa, na'urar da ke raba wa fulogai wuta, ta sauka a jikin ƙarfen mota. Muddin bakin kwantak yana rufe, kwayil yana tara ƙarfin maganaɗisu. Da zarar ya buɗe, ƙarfin nan sai ya rushe farat ɗaya, ya haifar da dubban bolt a ɗaya naɗin wayar da ke cikin kwayil ɗin. Daga nan babbar wayar tsakiya ta kai shi hular distiributa, rota da ke juyawa a ƙarƙashin hular ya raba wa fulogai huɗu bisa jerin 1-3-4-2. Kwandansa kuwa aikinsa hana bakin kwantak ƙonewa a lokacin buɗewar. Abin lura a nan shi ne, batir na iya kasancewa a cike fal, fitilu na haske kamar rana, amma idan kwantak bai buɗe ya rufe ba, fulogi ba zai ga komai ba.

Kalma ta farko da ta zo mini ita ce walƙiya, kuma dole in yi mata adalci, domin a fannin ilimi ita ce ta fi dacewa: walƙiyar hadari lantarki ne da ya taru har ya tsallaka iska, abin da ke faruwa a bakin fulogi ke nan, girma ne kawai ya bambanta su. Amma kunnen Bahaushe ba zai raba walƙiya da sama da hadari ba, kuma wanda ya ce motarsa ba ta walƙiya, za a ɗauka fenti yake nufi. Na ajiye ta.

Ta biyu ita ce tartsatsi. Da na kawo ta a majalisar da muke zama bayan la'asar, wani dattijo maƙeri ya ƙi amincewa, kuma hujjarsa mai ƙarfi ce. Ya ce: "Ɗana, tartsatsi abu ne mai jiki. Ɓarɓashin ƙarfe ne ko na gawayi da ke tashi idan an bugi jan ƙarfe a kan uwar maƙera, yana watsuwa ko'ina, yana iya faɗa maka a riga ya huda ta. Wannan naku na mota kuwa wuri ɗaya yake tsayawa, kuma ba ya barin toka." Na ce masa: "Baba, gaskiya ne, amma idan iska ta haɗa wayoyin lantarki biyu a kan turke, me kuke cewa suna yi?" Ya yi shiru kaɗan, ya ce tartsatsi. Ashe jama'a sun riga sun faɗaɗa kalmar zuwa lantarki tun kafin mu zauna shawara, kuma kalmar da baki ya saba da ita ta fi wadda aka ƙera a kan takarda saurin kama ƙasa.

Shi dattijon ne kuma ya kawo ta uku, wadda ban yi tunaninta ba sam: ƙyastu. Kafin ashana ta yawaita, maƙera ne ke ƙera ɗan ƙarfen da ake bugawa a jikin dutsen ƙanƙara, tartsatsi ya faɗa kan auduga, a hura ta kama. Daga tushe ɗaya muka sami ƙyasta ashana. Abin da ya burge ni shi ne, ƙyastu ba sunan tartsatsin ba ne, sunan abin da ke haifar da shi ne da gangan, a lokacin da ake so, domin a kunna wani abu. Wannan kuwa shi ne ainihin aikin kwayil da kwantak da kwandansa da rota da fulogi idan aka haɗa su. Kalmar kunnawa ba za ta yi wannan aiki ba, tunda makulli ya riga ya mallake ta.

Don haka shawarata ita ce a raba kayan gida uku. Wuta ta tsaya a kan abin da batir ke bayarwa. Tartsatsi ya zama abin da ido ke gani yana tsallakawa. Kayan ƙyastu kuma su zama sunan dukkan sassan da ke tsakanin makulli da fulogi. Cutar da ta kama motar Kawu sai a kira ta rashin tartsatsi.

Kalma ba ta tabbata sai an yi aiki da ita, don haka bari in maimaita binciken da bakaniken ya yi bayan ya iso a kan babur, amma da sababbin kalmomin. Da farko ya zare babbar wayar tsakiya daga hular distiributa, ya riƙe ta da busasshen kara, ba da hannu ba, ya kusantar da bakinta ga ƙarfen injin kamar milimita 6, nesa da kafiretar da muka jiƙe da fetur, ya ce a buga kik. Lafiyayyen tartsatsi shuɗi ne, yana ƙara tas-tas. Nan kuwa babu ko alama. Da ya fito a nan amma bai kai fulogai ba, da sai a zargi rota, ko tsagewar hula, ko raɓar da kan kwanta a cikinta da damina. Tunda bai fito ba, laifin yana baya. Sai ya ɗauko ƙwan fitila mai waya biyu, ya taɓa ƙafar kwayil da ke karɓa daga makulli, ƙwai ya kama, wato wuta tana isowa. Ya mayar da shi ɗaya ƙafar mai zuwa kwantak, aka sake buga kik. A nan ya kamata ƙwan ya riƙa ƙiftawa, yana kamawa idan kwantak ya buɗe, yana mutuwa idan ya rufe. Idan ya tsaya a kunne, bakin kwantak ba ya haɗuwa ko ya yi datti, ko wayarsa ta tsinke. Idan ya tsaya a mace, ba ya buɗewa, ko kwandansa ya haɗe da jikin mota. Namu a mace ya tsaya. Da aka cire hula, sai aka ga ɗan dundunniyar da ke hawa kan gwiwar sandar distiributa ya cinye, bakin ba ya rabuwa ko kaɗan. Ya sassauta sukuru, ya buɗe giɓin zuwa kimanin milimita 0.4, ya ɗaure, bugu ɗaya mota ta tashi. Aikin bai kai minti goma ba.

A cikin bayanin nan babu inda wuta da tartsatsi suka taka ƙafar juna, kuma da bakanike ya tambayi Kawu ta waya, "Alhaji, akwai tartsatsi a wayar kwayil?", da ba a taɓa kafireta ba.

Wani abokina malamin makaranta ya ce me zai hana a ari kalmar kawai a ce sifak, kamar yadda aka ari fulogi da batir. Ban ƙi aro ba, ga rubutun nan cike da shi. Amma fulogi da batir baƙi ne da suka zo da sunayensu, ba mu da su a da. Tartsatsi da ƙyastu kuwa suna cikin gidanmu tun kafin mota ta shigo Kano, kuma manomin da bai taɓa buɗe bonet ba ya san abin da zai duba idan aka ambace su.

Saura guda da ban warware ba. Akwai tartsatsin da kan fito ja-ja, siriri, ba ƙara, wanda ake gani a fili amma ba ya iya tsallakawa a cikin silinda inda iska take a matse, kuma yawanci gajiyar kwayil ko kwandansa ke jawo shi. Bakaniken ya kira shi ragon tartsatsi, dattijon maƙeri kuma ya fi son sanyin ƙyastu. Ni na fi karkata ga na bakanike, domin abin da ido ya gani yake siffantawa, amma ina son jin ta bakin masu aikin a Haɗeja da Ƙofar Ruwa ta Kano kafin in tsaya a kansa.