Hilux tana kafewa a taɓo: LSD zan sa ko loka?

Mai Hilux, Aboabo: Salamu alaikum 'yan zaure. Ina da Hilux ƙirar 2012, disal, mai jan taya huɗu. Tana ɗaukar kaya daga Kumasi zuwa ƙauyukan bayan Goaso. Yawancin tafiyar kwalta ce, amma ƙarshenta hanyar gona ce mai jar laka da ramuka. Da damina ko an sa 4L, wato giyar ƙarfi mai jan taya huɗu, sai ta kafe: tayar baya ɗaya na ta wulwulawa, ɗayar ko motsi. A Magazin, unguwar makanikai ta Suame a Kumasi, na tambaya kan dif, wato akwatin giyar da ke raba ƙarfi ga tayoyin baya biyu: wani ya ce in sa LSD mai rage sulɓin taya, wani ya ce loka mai kulle tayoyin su juya tare, wani kuma ya ce a yi wa dif ɗin walda kawai. Masana, ina mafita?

Masta Fita, Suame: Wa alaikumus salam Alhaji. Kafin ka kashe ko sidi ɗaya, a duba abin da ke cikin motar. A kan ƙasa mai lebur, a tokare tayoyin gaba, a ɗaga na baya duka biyu da jak, giya a firi, a saki birkin hannu, a juya taya ɗaya da hannu. In ɗayar ta juya baya, dif ɗinka buɗaɗɗe ne, ko kuma LSD ne da faifansa suka cinye. In ta bi ta gefe guda, akwai LSD mai kuloci kuma yana da sauran rai.

Buɗaɗɗen dif ƙarfi daidai yake bai wa tayoyin biyu, kuma tayar da ta rasa riƙo ita ke yanke yawansa. Shi ya sa wadda ke kan busasshiyar ƙasa take zaune kawai.

Abin da zai raba gardamar shi ne: in ta kafe, tayar tana taɓa ƙasa tana sulɓi ne, ko tana rataye a iska?

Mai Hilux, Aboabo: Masta, duka biyun. Amma mafi muni in ta ratsa kwari a karkace, tayar baya ɗaya ta tashi.

Masta Fita, Suame: To Alhaji, loka ce maganinka, irin wadda direba ke kunnawa ya kashe. LSD iri biyu aka fi samu. Mai kuloci faifai ne da sifirin ke matsewa. Yana rage sulɓi, amma faifan na cinyewa, kuma mota mai kaya tana saurin gama su. Mai haƙoran giya, irin Torsen ko Truetrac na Eaton, ba shi da faifai, yana daɗewa. Aikinsa ninka riƙon tayar da ke sulɓi yake, wajen ninki biyu da rabi zuwa uku, ya miƙa wa ɗayar. Tayar da ke iska ba ta da riƙo, don haka babu abin ninkawa. Direbobi kan ɗan ja birkin hannu don ya kama, yana taimakawa, amma dabara ce ta fita kunya.

Loka kuwa tana ɗaure shaf biyun su zama ɗaya. Ko taya ɗaya na sama, ta ƙasa za ta tura motar.

Baba Direba, Asawase: Masta ya faɗi gaskiya, amma kada a raina LSD. Wanda matsalarsa santsi ne kawai da burji bayan ruwa, Truetrac ya fi masa: babu maɓalli, babu mantuwa. Loka a hannun yaron da bai san ta ba hasara ce. Ya bar ta a kunne ya hau kwalta, a kwana tayar ciki da ta waje dole su juya daidai, motar ta ƙi lanƙwasa, taya na kuka, ƙarshe shaf ya karye. Littafin Toyota na motocin da suka zo da ita daga kamfani cewa ya yi a 4L ake sa ta, kuma kada a wuce kilomita 8 a awa. A kunna kafin a shiga wurin, ba lokacin da taya ke wulwulawa ba, don haƙoran na iya fashewa. Da an fita a kashe.

Alhaji, wace taya ke ƙafarta? In ta kwalta ce da ta sha hanya, fara da tayar laka. Loka ba ta ƙirƙiro riƙo inda babu.

Mai Sifiya, Magazin: Maganar walda a ajiye ta. Loka ce da ba ta kashewa har abada. Mota mai nauyi a titin Sunyani da ita, tayoyin baya za su ƙare da wuri, ga haɗari a kwana in an yi ruwa. Mai kulle kanta irin Detroit Locker tana da ƙarfi, sai dai takan yi ƙas-ƙas da fizga a kwana.

Masu kunnawa biyu ne. ARB ta iska tana son kwamfuresa da tiyo, ana huda jikin dif a sa mata hanya. In robar ciki ta lalace iska na shiga dif ta turo mai waje. ELocker ta Eaton wuta 12V kawai take so, sai a kiyaye wayar daga itace da ruwa. Ga mai yawo nesa da makaniki, ta wuta ta fi sauƙin lalube.

In za ka sayi hom-yus, wato na hannu, abu biyu. Ƙirga haƙoran bakin shaf ɗinka. Dif ɗin Toyota mai inci 8 yawanci 30 ne, amma a zare a gani. In kuma dif ɗin ne sukutum, ƙirga haƙoran babban giya ka raba da na finiyon: 43 da 11 ya ba 3.91, 41 da 10 ya ba 4.10. Lallai ya zo daidai da na gaba. In sun saɓa, da ka sa 4H, wato jan taya huɗu na gudu, gaba da baya za su yi ta ja-in-ja har wani abu ya ba da kai.

Masta Fita, Suame: Wajen ɗaurawa nan ake ɓata aiki. A sa sababbin boris na gefe. Wasan da ke tsakanin babban giya da finiyon a auna da agogon awo, 0.13 zuwa 0.18 na milimita a irin wannan dif. A shafa fenti a haƙora a juya, tabon ya sauka tsakiya. Wanda ya ce da kunne zai saita, ɗauke motarka. In ya matse, dif ya yi zafi. In ya saki, ya riƙa kuka.

Man dif kuwa GL-5, 80W-90, a cika har ya fara dawowa ta ramin zubawa. LSD mai kuloci ne kaɗai ke son wanda aka rubuta LS a galan, in ba haka ba yakan yi kakkarwa a kwana. Bayan ratsa ruwa mai zurfi a kwance a duba. In ya koma kamar madara a zubar.

Kuma baya kaɗai za ka sa. Loka a gaban Hilux tana taurara sitiyari, tana cin shaf ɗin gaba.

Mai Hilux, Aboabo: Allah ya saka da alheri. Tayoyin na kwalta ne. Zan fara da su, a ɗaga motar a gwada, sannan in nemi kuɗin ta wutar.