Tsohon littafin koyon zane: hannu ne ya sa launin ko inji?

Malamar Zane: Salamu alaikum jama'a. Wani tsohon littafin Turanci na koyar da zanen fentin ruwa ya shigo hannuna daga wajen masu gwanjon littattafai. Shafin farko ya yage, ba suna ba shekara. Hotunan bishiyoyi da tsaunuka ne masu launi, wasu shafukan kuma jerin launuka ne kawai. Ta yaya zan gane ko da buroshi aka shafa launin ko bugawa aka yi?

Baba Mai Ɗab'i: Wa alaikumus salam 'yata. Kafin komai ki nemi gilashin ƙara girma mai ninki 10, irin na masu gyaran agogo. Ki ɗora a kan sararin sama na hoton, can ne launi ya fi bayyana kansa. In buroshi ne, ba za ki ga ɗigo ko ɗaya ba. Launin zai kwanta sumul, ya ɗan taru a baki inda ruwan ya tsaya ya bushe, wani wurin ya tsallake layin zanen. In kuwa kin ga ɗige-ɗige a jere reras, ja da shuɗi da rawaya, tazararsu ɗaya, to bugun hoto ne na inji, wanda bai yaɗu ba sai wajen shekarun 1890. Wannan ko dai littafin bai kai tsufan da ake zato ba, ko sabon bugu ne na tsoho.

Ɗan Laburare: Gaskiyar Baba. Ƙari a kai, Malama, ki kashe fitila ki haska tocilar waya daga gefe, kusan a kwance da takardar. Masu sa launi da hannu kan shafa ƙaro a wurare masu duhu don launin ya yi zurfi, sai ki ga wurin yana ƙyalli shi kaɗai. Ƙaron nan namu dai na Sahel, wanda fatake suka yi ta fitarwa zuwa Turai daga Senegal da Sudan.

Malamar Zane: Na duba. Babu jerin ɗigo, babu ƙyallin ƙaro. Amma a ƙarƙashin launin akwai wani abu kamar raga mai ƙananan idanu farare.

Hajiya Mai Adana Takardu: To wannan akwatint ne, 'yar'uwa. Garin danƙon itace ake barbaɗawa a farantin jan ƙarfe, a gasa ya manne, a tsoma a ruwan asid. Asid ɗin ya ci kewayen kowace ƙwaya, shi ya sa kike ganin fararen idanu tawada ta zagaye su. Littattafan koyon fentin ruwa na Ingila a farkon ƙarni na 19 da yawansu haka suke: a buga akwatint, sannan ma'aikata su zauna su bi shi da buroshi. Littafin David Cox na zanen shimfiɗar ƙasa, na 1814, shi ne misalin da nake nuna wa ɗalibai. Shagon Rudolph Ackermann a Landan ma ya fitar da irinsu da yawa. Sai dai kada ki yanke hukunci tukuna. Ganin akwatint a ƙasa bai nuna cewa launin saman na hannu ne ba.

Baba Mai Ɗab'i: Hajiya ta taɓo inda nake so. George Baxter, mai ɗab'i a Ingila, ya yi rajistar dabararsa a 1835: ya buga zanen tushe daga farantin ƙarfe, sau da yawa da akwatint a ciki, sannan ya bi shi da launukan mai daga katako, kowane launi da katakonsa, wani hoton har kusan 20. Alamar katako ba ta ɓuya. Abin da aka danna daga tudu, wato wurin da aka bari a ɗage bayan an sassaƙe katakon, yakan matse tawada zuwa gefe, sai bakin launin ya fi tsakiyarsa duhu, kamar yadda hatimin ofis yake yi in an danna da ƙarfi. Ki juya shafin kuma ki shafa bayansa da yatsa a hankali, wani lokaci za ki ji tudun dannawar.

Ɗalibi Daga Zariya: Ranka ya daɗe Baba, to bugun dutse fa? A aji an ce mana shi ne ya mamaye ƙarni na 19.

Baba Mai Ɗab'i: Ya mamaye, ɗana. Alois Senefelder ya ƙirƙiro bugun dutse, wato a zana a kan shafaffen dutse a buga daga gare shi, a 1796, Godefroy Engelmann ya yi rajistar mai launi a Faransa a 1837. Shi dutse ba ya danna takarda ciki, ba ya barin tudu, komai a shafe yake. A gilashi za ka ga ɓurɓushin alli mai maiƙo, ko ɗigon da aka yi da alƙalami ɗaya bayan ɗaya, manya da ƙanana, ba a jere ba. In kana son ganin gwanintarsa nemi Grammar of Ornament na Owen Jones, 1856, shafuka 100 na launi.

Ɗan Laburare: Akwai kuma na tsakiya da ake yawan ruɗewa da shi: baƙin zane daga dutse ɗaya, sai dutse na biyu ya shimfiɗa launin ƙasa-ƙasa, a bar farin takarda ya zama haske. J. D. Harding, wanda shi ma malamin zane ne, ya yi aiki da shi a 1836. Duk wanda ya ga hoton Kano daga Dutsen Dala a littafin tafiyar Heinrich Barth na 1857 ya ga danginsa. Littafin da zan ba kowa shawara ya nema shi ne How to Identify Prints na Bamber Gascoigne, 1986, don yana nuna kowace dabara a ƙara girme.

Malamar Zane: Baba, bakin koren ganyen ya fi duhu kamar yadda ka ce! Kuma can ƙasan hoton, da ƙananan haruffa, an rubuta Leighton Brothers.

Hajiya Mai Adana Takardu: Masha Allah, kin samo bakin zaren. George Leighton yana cikin waɗanda suka bi sawun Baxter wajen buga launi daga tudu, kuma kamfaninsu ne ya buga hotunan littafin George Barnard na koyon fentin ruwa, 1855. Mai yiwuwa shi ne a hannunki. An sake buga shi sau da dama, don haka ki buɗe kwafin da ke Internet Archive, rumbun littattafai na intanet, ki gwada shafi da shafi kafin ki sa masa shekara. Don Allah kada wani ya ce miki ki ɗiga ruwa ki ga ko launin zai narke, na ga shafukan da aka lalata haka. Kada ki cire hotunan ki sa a firem, kada ki manna yagaggen wuri da salatif. Ki kwantar da shi a kwali, nesa da bango da rana, ki riƙa leƙawa da damina saboda laima da gara.

Malamar Zane: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Gobe in sha Allah zan ɗauki hoton ganyen ta cikin gilashin in turo muku, har da shafin jerin launukan.