Ƙanwata ba ta barci tun da ta haihu

Yaya Babba, Tahoua: Salamu alaikum. Wata 2 ke nan da haihuwarta, ba ci ba barci, sai kuka, jinjirin ma ba ta son ɗauka. An sha rubutu, an yi hayaƙi, shiru. Ina za mu nufa?

Ɗan Adar: Hajiya, wannan ya yi kama da ciwon damuwa na bayan haihuwa, kuma ana warkewa. Ku fara da ungozomar CSI (ƙaramar asibitin unguwa), ta tura ku babbar asibiti.

Maman Biyu, Yamai: Ni a Pavillon E, sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na babbar asibitin Yamai, aka duba ni. Zaman hira da likita ya fi komai yi mini amfani. Ƙwayar da likita ke badawa kuwa sai ta yi makonni kafin ta kama, kada ƙanwarki ta yanke shanta.

Inna: 'Yata, ku karɓar mata jinjirin da dare ta runtsa. In ta ambaci mutuwa, yau ɗin nan ku tafi asibiti.