Bakin teku a Legas: ina za mu kai yara, ina za mu bar mota?

Maman Fadila: Salamu alaikum 'yan zaure. Mun zo hutu Agege wajen yayata, yara sun tasa ni gaba sai sun ga teku, su da ruwan Tiga kaɗai suka sani. Babansu ya ce Bar Beach za mu. Motar fa, ina ake barinta?

Alhajin Obalende: Wa alaikumus salam. Hajiya, maigidan ya kwana biyu bai leƙo Ikko ba. Bar Beach ai yashi aka zuba aka cike ta, sabuwar unguwar Eko Atlantic ce zaune a wurin yanzu.

Baban Walid: Landmark Beach ma tun Afrilun 2024 aka rushe gefen ruwanta saboda titin Legas zuwa Kalaba. Elegushi da ke Lekki akwai filin fakin, sai dai kuɗin ƙofa daban, na mota daban, na rumfa daban.

Anti Bilki: Elegushi da yara? A'a wallahi. Ranar Lahadi da yamma kiɗa da shaye-shaye ne, wurin shimfiɗa darduma ma sai kin wahala. Ku tafi Tarkwa Bay. Mota ba ta zuwa can sam, jirgin ruwa ake shiga daga Marina ko Falomo, tafiyar kamar minti 20. Ku bar motar a filin da ake biya, ku karɓi tikiti. Duwatsun da aka jera don tare igiya a mashigar tashar jiragen ruwa su suka sa ruwan can ya fi kwanciya. Kowane yaro a ɗaura masa rigar hana nutsewa kafin jirgi ya tashi, ku juyo kafin magariba.

Maman Fadila: Jirgin ruwa kuma? Anti, ni gadar Third Mainland ma runtse ido nake.

Sani Direba: To ku yi Eleko, can gaba hanyar Epe, amma ku fito bayan asuba, in ba haka ba gosulon Ajah zai cinye muku yini. Kuma don Allah kada ya hau da mota kan rairayi. Ni bara wasu samari suka yi ta yafito ni, "oga shigo, shigo", na biye musu. Da na tashi tafiya taya sai juyi take tana tono, har cikin mota ya zauna a ƙasa. Sai da muka rage iskar taya muka cusa katako. Masu turin kuwa su ne dai masu yafiton, ciniki muka yi kamar na ragon layya.

Alhajin Obalende: Bakin titi ma kar ya kuskura a Victoria Island, kafin ka waiwayo janwe ya ja ta. Sannan Hajiya, ruwan nan ba Tiga ba ne. Kina tsaye iya gwiwa za ki ji yashi na zamewa ƙarƙashin ƙafarki, igiyar da ta koma ita ke jan mutum. Hannun yaro a hannunki.

Baban Walid: Daga Agege ai Badagry ma ba laifi, ta Igando ku ɓulle Iyana Iba. Yara su ga Gberefu, inda a da can ake loda bayi a jirgi. Shingen jami'ai ne dai da yawa, takardun mota su cika.

Maman Fadila: Na gode, Allah ya bar zumunci. Babansu ya ce Tarkwa, wai ni in zauna gadin mota.

Anti Bilki: Ki shiga kawai, ki runtse idon. Ki taho da buta da ruwan alwala, na tekun gishiri ne zalla.