Wai mai rubuta for a R bai iya R ba?

Ɗan Aboabo: Salamu alaikum 'yan uwa. Maganar da na yi jiya a jami'ar KNUST ta Kumasi ina nan a kanta. Duk wanda yake bin layi ɗaya-ɗaya da for (lup, wato umarnin maimaita aiki zagaye-zagaye) da if (umarnin sharaɗi) a cikin R, yaren kwamfuta na lissafin bayanai, ɓata lokaci yake. An gina R ne don ya ɗauki jeri gaba ɗaya. Aikin da nake yi kan E-levy, harajin da Ghana ta taɓa ɗorawa kan tura kuɗi ta waya, shaida ne. Layi guda ya gama min: ifelse(kudi > 100, (kudi - 100) * 0.01, 0), wato idan kuɗin ya wuce 100 a cire kashi 1 na abin da ya haura, in ba haka ba babu haraji.

Yaya Asawase: Wa alaikumus salam. Ƙanena, layin ya yi kyau a ido, amma lissafin bai yi ba. Sidi 100 ɗin da aka yafe na yini ne gaba ɗaya, ba na kowace turawa ba. Mutum ya tura 80 ta MoMo, wato asusun kuɗi na waya, da safe, ya sake tura 80 da yamma. Kod ɗinka zai ce babu haraji, alhali haraji ya hau kan sidi 60. Layin turawa ta biyu sai ya san abin da ya faru a na farko, ifelse kuwa kowane layi shi kaɗai yake kallo.

Ɗan Aboabo: To Yaya, ai ko nan ba sai da for ba. A jera bayanan bisa lokaci, a tara na kowane mutum a kowace rana da cumsum (mai tarawa layi bayan layi), a cire 100, a sa pmax ya hana ragowar sauka ƙasa da sifili, a ɗauki ƙaramin tsakanin wannan da kuɗin turawar da pmin. Shi ke nan.

Yaya Asawase: Wannan daidai ne, na yarda.

'Yar Sawaba: Ni abin da ke damuna da ifelse daban ne, kuma ina so masu fara koyo a nan su ji. Harajin ya fara da kashi 1.5 a Mayun 2022, ya koma kashi 1 a Janairun 2023, kafin a soke shi a 2025, don haka dole kwanan wata ya shigo aikinka. Ka sa ifelse ya dawo maka da kwanan wata ka gani. 1 ga Janairu 2023 zai fito 19358, wato yawan kwanaki tun daga farkon 1970. Ba kuskure zai nuna ba, ba gargaɗi. Haka yake yi wa factor, wato jerin sunayen rukunoni, sunayen yankuna su koma 1, 2, 3. Ɗalibi ya miƙa tebur ga malaminsa bai san abin ya lalace ba. Shi ya sa nake amfani da if_else na kunshin dplyr ko fifelse na kunshin data.table, su suna riƙe kwanan wata yadda yake.

Ɗan Aboabo: Amma Anti, duk waɗannan ba lup ba ne. Maganata ta tsaya.

Malam Tafo: Ba ta tsaya ba tukuna. Kana magana kamar muna 2010. Tun R 3.4.0 a 2017 ake fassara lup zuwa sigar da kwamfuta ta fi saurin bi kafin ya gudu, saurinsa ya ƙaru sosai. Yawancin jinkirin da ake ɗora wa for daga wani wuri yake: mutum ya fara da jeri babu komai, kowane zagaye ya ƙara abu da umarnin c(), R ya sake kwafe jerin duka. Kamar mai shago a kasuwar Kejetia ne da zai kwashe kayansa kaf zuwa sabon shago duk lokacin da aka kawo katan ɗaya. Ka tanadi wurin tun farko da numeric(n) ka sake gwadawa. Kuma shi ifelse da R ɗin aka rubuta shi, yana lissafa ɓangarorin biyu a kan jerin gaba ɗaya sannan ya zaɓa.

'Yar Sawaba: Malam, Vectorize fa, wanda yake sa aiki ya karɓi jeri gaba ɗaya? Wasu suna nannaɗe aikinsu da shi su ce sun rabu da lup.

Malam Tafo: mapply ne a cikinsa, 'yata, shi ma ɗaya-ɗaya yake bi. Zagayen yana nan, ɓoye shi aka yi, sauri bai ƙaru ba.

Ɗan Aboabo: Duk da haka Malam, ƙidayar Ghana ta 2021 mutum miliyan 30.8 ce. Wa zai raba su rukunin shekaru da for?

Malam Tafo: Babu, kuma nan gaskiyarka ce, cut ko case_when za a sa. Amma ga bashin ƙungiyar susu, wato adashi: idan ragowar watan jiya ta wuce wani adadi a ɗora tara, tarar ta shiga ragowar wannan wata, ita kuma ta yanke hukuncin wata mai zuwa. cumsum ba zai fitar da kai ba, domin sharaɗin yana jiran sakamakon da bai fito ba. Rubuta min shi ba for, ba Reduce, domin shi ma zagaye ne.

Ɗan Aboabo: Turo min bayanan gwaji, Malam. Zan zauna a kai bayan isha'i.

Yaya Asawase: Ka haɗa da system.time, mu ga lokacin da hanya mai for da marar for suka ɗauka, idan za ka turo.