Wane Linux ya dace da laftof ɗin gida?

Abban Sadik: Assalamu alaikum jama'a. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma ba ya karɓar yawancin laftof ɗin gwanjo da ke hannunmu, saboda yana neman na'urar tsaro ta TPM 2.0 da firosesan Intel na ƙarni na 8 zuwa sama. Masu amfani da Linux, manhajar da ke tafiyar da kwamfuta a madadin Windows, wane nau'insa za a saka, kuma ina ake yin tuntuɓe?

Injiniya Bala: Wa'alaikumus salam. Kafin a zaɓi suna, a fara duba RAM. Giga 4 zuwa sama, Linux Mint 22 mai fuskar allo ta Cinnamon. An gina shi a kan Ubuntu 24.04, tallafinsa kuma zai kai 2029. In giga 2 ne, Mint mai fuskar Xfce mara nauyi, amma kada a buɗe shafuka goma a Firefox sannan a ce Linux ne ke nauyi. Fayil ɗin Mint bai kai giga 3 ba sosai, na Ubuntu kuwa ya kusa ninki biyu, ga mai sayen data wannan ba ƙaramin bambanci ba ne. A ɗora shi a filashi mai giga 8 da Ventoy ko Rufus, a kunna, a danna F9 a HP, F12 a Dell da Lenovo, don a zaɓi tashi daga filashin. Kada a girka tukuna. A gwada wayfai, sauti, kyamara da hasken allo daga kan filashin.

Maman Ilham: Injiniya, ka bar babbar matsalar a baya. Sau da yawa manhajar girkawa ba ta ganin faifan ajiya kwata-kwata. Dalili shi ne a BIOS, wato saitin da ake shiga kafin Windows ya tashi, tsarin faifan yana kan Intel RST, dole a mayar da shi AHCI. In akwai Windows da ake son ci gaba da amfani da shi, a shirya shi ta Safe Mode kafin a canza, in ba haka ba zai ƙi tashi. A kashe Fast Startup a Windows, a kuma rubuta lambar BitLocker, wato mabuɗin faifan da Windows ya kulle, a takarda. Agogo ma zai riƙa kuskuren awa ɗaya tsakanin Windows da Linux, domin Linux da lokacin UTC, wato agogon GMT, yake aiki. Rubuta timedatectl set-local-rtc 1 a tamina, wato wurin rubuta umarni, yana gyara shi.

Ɗan Zinder: Ni Debian nake ba mutane shawara. Tun Debian 12 na 2023 direbobin wayfai suna cikin fayil ɗin girkawa, sabuntawarsa kuma kaɗan ce. Sai dai Debian 13 ya sallami injina masu 32-bit, waɗannan sai Linux na antiX.

Injiniya Bala: Gaskiyarka Malam, amma sabon shiga Driver Manager na Mint yake buƙata. Tsofaffin HP da Dell masu katin wayfai na Broadcom kan tashi babu wayfai. A jona waya da kebul, a kunna USB tethering, a buɗe Driver Manager a zaɓi direban Broadcom, a sake kunnawa. Shi ke nan.

Sani Kibod: Fedora da Arch ba na mai ƙirga data ba ne. Fedora yana fitowa kusan duk wata 6, kowanne tallafinsa wajen wata 13, Arch kuwa kullum da sabon abin saukewa. Flatpak, wata hanyar saka manhajoji, shi ma a yi hattara, ƙaramar manhaja kan jawo ɗaruruwan mega a karon farko. Don ƙ, ɗ, ɓ da ƴ, a shiga saitin madannai a ƙara tsarin Hausa na Najeriya, yana nan a ciki, ba sai an sauko da komai ba.

Maman Ilham: Ga masu matacciyar batir: kada ku sabunta sai kun tabbatar da wuta. In an ɗauke ta ana tsaka da aiki, ku buɗe tamina ku rubuta sudo dpkg --configure -a, sannan sudo apt -f install. Ku kunna Timeshift, mai adana kwafin tsarin don a koma in ya lalace, tun ranar farko. Takardun Word kuma da ke wargajewa a LibreOffice galibi rashin salon haruffa na Calibri da Cambria ne, ku saka Carlito da Caladea, faɗin haruffansu ɗaya.

Abban Sadik: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. CorelDraw fa, na masu buga katin biki?

Sani Kibod: Babu shi a Linux, Yallabai. Inkscape zai yi zanen, amma fayilolin cdr ba sa buɗuwa daidai kodayaushe. Wanda abincinsa ke nan ya bar wa Windows giga 100 a gefe.