Waɗanda suka yi mastas a fannin manufofin gwamnati, ina kwalin ya kai ku?

Mai tambaya, daga Tudun Wada:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Kimiyyar siyasa na karanta, shekara biyu ke nan da gama hidimar ƙasa, ina koyarwa a wata makarantar kuɗi. Kafin ashirin ga wata albashin ya ƙare. Mahaifiyata ta ce za ta sayar da filinta na Rigasa in je in yi mastas a kan tsara manufofin gwamnati. Filin nan shi kaɗai ne abin da Baba ya bar mata. Don Allah wanda ya bi hanyar nan ya faɗa mini gaskiyar abin da ya tarar.

Wata ma'aikaciyar gwamnati, daga Kawo:
Wa'alaikumus salam ƙanena. Ni ina cikin aiki na yi nawa, Juma'a da Asabar nake hawa mota zuwa Zariya, goyo a baya. Da mataki na 8 aka ɗauke ni kamar kowane mai digiri na farko, kuma da na kai kwalin mastas aka sa a fayil ɗina, bai tsallakar da ni ko mataki ɗaya ba. Sai da na cika shekara uku na zauna jarrabawar ƙarin girma tare da kowa. Inda na ga amfaninsa daban ne. Wata Alhamis darakta ya turo mini rahoto mai kauri kamar bulo, ya ce babban sakatare na son taƙaitawa kafin taron Litinin. Na mayar da shi shafi biyu: ga matsalar, ga hanyoyi uku, ga kuɗin kowace, ga wadda na fi gamsuwa da ita. Tun daga ranar aka san da ni, daga baya aka mayar da ni sashen tsare-tsare, bincike da ƙididdiga. A ajin mastas na koyi wannan rubutun. Amma ka lura, ƙafata na ciki kafin in yi.

Wani daga Barnawa:
Abin da Anti ba ta taɓo ba shi ne ya ci ni. Mastas ɗin iri biyu ne. Akwai na ƙwarewar aiki, irin MPA (na gudanar da aikin gwamnati) da ake yi a Kongo, wato harabar Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, ko MPPA (na manufofi da gudanar da aikin gwamnati) na Jami'ar Bayero, akwai kuma na zurfin bincike, wato MSc. Na ƙwarewa na yi, alhali koyarwa nake so. Da na kai takarduna wata jami'a, jami'in ya duba ya miƙo mini, ya ce wannan ba ya kai mutum ga digirin dakta (PhD), kuma ba a ɗaukar malami da shi. Na fito na zauna a gindin darbejiya, na fi awa ban iya tashi ba. Yanzu MSc nake yi daga farko. Ka san inda ka dosa kafin ka sayi fom.

Wata daga Malali:
Ni ƙungiyoyi masu zaman kansu na faɗa, shekara huɗu ina aikin bibiya da tantance ayyuka a ƙananan hukumomi. Albashin ya ninka na gwamnati, ba zan ɓoye ba. A intabiyu ba wanda ya tambaye ni sunan wani masani. Kwamfuta suka tura mini, ga shafin kasafin kuɗin lafiya a Excel, suka ce in fitar da abin da aka ware da abin da aka saki, in yi bayani a sakin layi ɗaya. Mu da yawa masu mastas ne a ɗakin, wasu suka zauna suna kallon allon. Hausata ma ta taimaka, domin zama da matan ƙauye ba da Turanci ake yinsa ba. Sai dai aikin na kwantiragi ne. A farkon 2025 da Amurka ta dakatar da tallafin hukumarta ta USAID mai taimaka wa ƙasashen waje, saƙo ɗaya aka turo mana, aikinmu ya tsaya. Har yau ɗan aikin tattara bayanai nake kamawa nan da can, da shi nake biyan haya.

Wani daga Unguwar Dosa:
Ka bincika ko har yanzu ana ɗaukar mutane a shirin Kashim Ibrahim da jiharmu ta Kaduna ta fara a 2018, shekara guda matasa ke yi suna koyon aikin gwamnati daga ciki. Sannan tallafin karatu na Chevening na Birtaniya na biyan kuɗin mastas gaba ɗaya, sharaɗinsa gogewar aiki ta shekara biyu, kuma ka dawo gida bayan ka gama. Koyarwar da kake yi aiki ce. Ni sau biyu na nema ban samu ba, bana ma na sake cikewa.

Dattijo mai ritaya, daga Unguwar Sarki:
Ɗana, ni a harabar Kongo na yi karatu, can aka horar da da yawa daga cikin waɗanda suka riƙe mulkin Arewa, kuma ina alfahari da wurin. Karatun yana da kyau. Amma cikin shekara 35 da na yi ina aiki, na ga ya fi ɗaga wanda ya riga ya samu kujera. Ko cibiyar nazarin manufofin ƙasa ta Kuru, kusa da Jos, da aka kafa a 1979, manyan da suka yi nisa ake turawa. Kada ka bari gyatumarka ta rabu da filin. Kasafin kuɗin jihar nan yana intanet, ka sauke, ka ɗauki na ilimi tunda a aji kake, ka bi abin da aka ware wa makarantun unguwarku, ka rubuta shafi biyu. Ka kawo mini in duba maka da jan biro.

Mai tambaya:
Na gode Baba, Allah ya ƙara girma, zan kawo in sha Allahu. Na yi magana da Umma bayan Isha'i, filin na nan. Anti ta Kawo, na ƙarshen makon nan da kika yi, ana yarda a biya kuɗin kashi-kashi? In ana yarda zan shiga adashen malamai daga watan gobe.